Witley Court: Abin da Wuta Ta Bari, da Abin da Dillalai Suka Kasa Ɗauka

Kimanin mil goma arewa maso yamma da birnin Worcester a Ingila akwai wani ƙauye mai suna Great Witley. A gefensa akwai wani katafaren gida wanda in ka hango shi daga nesa sai ka rantse da mutane a ciki. Ginshiƙan ƙofar suna tsaye, hasumiyoyinsa biyu suna nan, tagogi sun jeru hawa-hawa. Sai ka matso sannan ka lura sararin sama kake gani ta cikin tagogin. Ba rufi, ba daɓen bene, ko ƙyaure ɗaya babu. Amma manne da wannan kango akwai wani coci mai rufi lafiya lau, cikinsa ya sha ruwan zinariya da zane-zane, kuma har gobe ana ibada a ciki. A filin kudu kuma ga wani ƙaton sassaƙen dutse a tsakiyar tafki yana feshin ruwa sama.

Sunan gidan Witley Court. Duk wanda ka tambaya zai ce maka gobara ce ta cinye shi a 1937. Wannan amsa ce mai sauƙi, kuma rabinta ne kawai gaskiya. Abin da ya sa na zaɓi wannan gida cikin ɗaruruwan irinsa shi ne, a nan ana iya bin kowane abu da ya tsira a ga dalilin tsirarsa, kuma dalilan ba su ne waɗanda mutum zai fara zato ba.

Gidan da ƙarfe da kwal suka gina

A 1655 Thomas Foley ya sayi wurin. Danginsa maƙera ne da suka zama attajirai, arzikinsu daga masana'antun ƙarfe da ƙusoshi na yankin Stourbridge ya fito. Ya tarar da gidan jan bulo na farkon ƙarni na 17, shi ma an ɗora shi ne a kan wani gini da ya girme shi. Zuriyar Foley ta yi kusan shekara 180 tana ƙara wa gidan fukafukai, ta samu sarauta, ta haƙa tafkuna, har ma ta matsar da ƙauyen kansa nesa don kada gidajen talakawa su tare wa mai gida ganin filinsa. A farkon ƙarni na 19 aka kira John Nash, wanda daga baya ya yi aikin fadar Buckingham, ya ƙara manyan rumfunan ginshiƙai biyu, ɗaya a arewa ɗaya a kudu. Caca da bashi suka ci dukiyar, a 1837 aka sayar da komai a kan kusan fam 900,000.

Masu sayen su ne amintattun da ke riƙe da dukiyar wani matashi, William Ward, magajin arzikin Dudley. Wannan arziki ya fi na Foley nesa ba kusa ba: ramukan kwal sama da ɗari biyu, da masana'antun ƙarfe a yankin da hayaƙi ya sa ake kira Baƙar Ƙasa, da gonakin rake a Jamaika waɗanda bayi suka noma. Kafin ya karɓi ragamar dukiyarsa an ba Sarauniya Adelaide, matar marigayi Sarki William na Huɗu, hayar gidan daga 1843 zuwa 1846. Da Ward ya tare, sai ya sa magini Samuel Daukes ya lulluɓe jan bulon gaba ɗaya da farin dutsen Bath, ya mayar da gidan kamar fadar Italiya. William Andrews Nesfield ya tsara lambuna. A 1860 aka naɗa Ward sarautar Earl na Dudley. Yarima mai jiran gado, wanda ya zama Sarki Edward na Bakwai, yakan zo farautar tsuntsaye da ayarinsa.

Akwai adadi ɗaya da ya fi duk wannan jerin sunaye bayyana yanayin gidan: ɗumama shi kaɗai yakan ci har tan 30 na kwal a yini. Ga mai ramukan kwal wannan ba komai ba ne, daga aljihun dama ne zuwa na hagu. Amma ya nuna cewa gidan bai taɓa ciyar da kansa ba. Gonakin da ke kewaye da shi ba su isa su riƙe shi ba, kuɗin daga wani wuri yake zuwa. Ranar da wancan wurin ya ƙafe, kwanan gidan ya fara ƙarewa ko da ba a ƙyasta ashana ba.

Ya kuwa ƙafe. Ƙarfen Jamus da na Amurka suka karya kasuwar na Ingila. Earl na biyu, wanda ya gaji mahaifinsa a 1885, ya riƙe muƙamai masu cin kuɗi, wakilin sarauta a Ailan daga 1902 zuwa 1905, sannan Gwamna Janar na Ostireliya daga 1908 zuwa 1911. Aka jinginar da filaye, aka sayar da zane-zane. Ga kuma abin da ya shafi kowane mai irin wannan gida: hatsin Amurka mai araha ya karya kuɗin hayar gona tun ƙarshen shekarun 1870, harajin gado da aka kafa a 1894 da kashi 8 cikin ɗari ga manyan dukiyoyi ya kai kashi 40 a 1919, samarin da ke aikin gida kuma yaƙin duniya na farko ya kwashe su. A 1920 matar Earl ɗin, Rachel, ta nutse a teku a yammacin Ailan. A shekarar ya sayar da Witley.

Wanda ya saya, Sir Herbert Smith, ɗan kasuwar darduma ne daga garin Kidderminster da ke kusa. Ya sa wutar lantarki, ya rage ma'aikata ƙwarai, ya kulle ɗakuna da yawa ya zauna a ɓangare guda. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma fa sai in yana shiga ɗakin.

Daren 7 ga Satumba 1937

Wutar ta tashi da daddare daga ɗakin gashin burodi da ke ƙarƙashin ɓangaren kudu maso gabas. Smith ba ya nan, ma'aikatan da ke gidan ƙalilan ne, iska tana kaɗawa da ƙarfi. Gidan yana da nasa famfunan kashe gobara tun zamanin Dudley, amma an daɗe ba a kula da su ba, don haka ba su yi amfani ba. 'Yan kwana-kwana suka zo daga garuruwan kusa, mutanen ƙauye suka yi ta fitar da kujeru da zane-zane suna jibgewa a fili. Babban ɗakin rawa ya ƙone ƙurmus, haka ɗakunan gabas da wani sashe na tsakiya.

Da gari ya waye, ɓangaren yamma yana nan da rufinsa. Ɗakin gilashi na tsirrai yana nan. Barga, ɗakunan girki da na ma'aikata, coci, duk wuta ba ta taɓa su ba. Gida ne da ya ji rauni, irin raunin da ake warkewa. Sai dai kuɗin inshora bai kai ko kusa da abin da gyara zai ci ba, Smith kuma ba shi da niyyar cikawa daga aljihunsa. Ban ga laifinsa sosai a nan ba. Mutum ne da ya sayi abin da ya fi ƙarfinsa, ya yi shekara 17 yana ɗauke da shi, faɗuwa ta zo masa daidai da zama. A 1938 aka yi gwanjon kayan gidan da na lambu, aka yanka filin gunduwa-gunduwa aka sayar.

Don a ga muhimmancin wannan batu na inshora, a dubi Uppark, wani babban gida a yankin Sussex. Gobara ta cinye shi a 1989 fiye da yadda ta ci Witley, amma da yake inshorarsa ta tanadi a mayar da shi yadda yake, aka sake gina shi, aka buɗe a 1995.

Giwa ta faɗi

Abin da ya mayar da Witley kango ya faru ne bayan yaƙin duniya na biyu, musamman a shekarun 1950, lokacin da gidan ya faɗa hannun dillalan kayan rusau. Su ba gida suke gani ba, kaya suke gani: dalmar da ke rufi, allunan dutsen rufi, katakon bene, murhunan marmara, matakala, ƙyamare, gilashi, gumakan lambu. Kowanne da mai sayensa. Kuma akwai tsari a aikin. Dalma ake fara cirewa domin ita ta fi saurin zama kuɗi. Da an cire ta ruwan sama ya samu hanya, ya jiƙa katako, ruɓa ta shiga, farar ƙasar da aka yi ado da ita ta saki ta zubo. Abin da dillali bai ɗauka ba damina ta ƙarasa. Cikin 'yan shekaru bishiyoyi suka tsiro a inda ake shimfiɗa darduma.

Kayan sun watsu har inda ba a zata ba. Wata ƙofar ƙarfe ta lambun Witley yanzu tana Lake Havasu City a jihar Arizona ta Amurka, a mashigar tsohuwar gadar Landan da wani attajiri ya saya a 1968 ya sake harhaɗawa cikin hamada.

Mai karatu zai ce, ina hukuma? Tana nan, doka ce ba ta da haƙora. Tun 1947 aka fara rubuta gine-ginen tarihi a rajista, amma mai gida da ke son rushewa sanarwa kawai zai bayar ya jira wata biyu. Sai a 1968 aka wajabta neman izini kafin a taɓa ginin da ke cikin rajista. A tsakanin nan Ingila ta yi asarar gidaje irin wannan da yawa, har a 1955 ana rushe kusan ɗaya duk kwana biyar. Jama'a ba su farga da girman ɓarnar ba sai da gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan ya yi baje kolin hotunan gidajen da suka salwanta a 1974. Witley ya sha da ƙyar. An kawo shawarar a share wurin a yi filin tseren motoci, an kawo ta unguwar sababbin gidaje, ba wadda ta tabbata. A 1972 gwamnati ta karɓi kulawar kangon bisa tilas, a 1984 kuma aikin ya koma hannun English Heritage, hukumar kula da wuraren tarihi na Ingila. Kulawa ce kawai aka karɓa, mallakar ƙasar ta ci gaba da zama a hannun masu zaman kansu.

Me ya rage, kuma don me

Bangon ya rage ne saboda ba shi da kasuwa. Rushe bango mai wannan kauri aiki ne mai cin kuɗi, bulon da za a samu kuma bai biya ladan lebura ba. Sai aka bar shi. Wani abin mamaki shi ne tsiraicin ya sa gidan ya fi faɗin tarihinsa. Inda dutsen Bath ya ɓantare ana ganin jan bulon Foley a ƙasa. Ana ganin tagogin da aka toshe, da layin tsohon rufi a jikin bango, da ramukan da katakon bene ya zauna, da murhu rataye a hawa na biyu ba daɓe a gabansa. A ƙarƙashin ƙasa ma akwai ragowar ginin tsakiyar zamani wanda duk sauran suka hau kansa. Baƙon da Dudley ya gayyata rawa bai taɓa ganin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Marmaron da ke feshin ruwa ya rage ne saboda nauyi. James Forsyth ya sassaƙa shi da dutsen Portland bisa tsarin Nesfield: jarumin tatsuniyar Girka, Perseus, bisa doki mai fukafukai yana sukar dodon teku don ya ceci Andromeda. A zamaninsa injin tururi ne ke tura ruwa zuwa wata matattara a kan tudu, daga can ya gangaro da ƙarfin da ke harba shi sama fiye da ƙafa ɗari. Ƙananan gumakan lambu duk sun tafi a bayan mota. Wannan kuwa ba motar da za ta ɗauka, sai ya zauna cikin busasshen tafki shekara da shekaru har aka gyara shi ya sake feshi a 2003. Ƙanensa na lambun gabas, mai siffar Flora, allahiyar furanni a tatsuniyar Romawa, bai yi wannan sa'a ba, a karye yake.

Gidajen masu gadi da ke bakin hanyoyin shiga sun rage saboda ƙanƙanta. Iyali ɗaya na iya zama a ciki su biya kuɗin gyaran rufi. Wannan shi ne abin da aka fi gani a ƙauyukan Ingila da suka rasa manyan gidajensu: ɗan gida mai ado fiye da girmansa a bakin titi, ginshiƙan ƙofa biyu, layin bishiyoyi da ya miƙe ya ƙare a gonar alkama.

Cocin kuwa labarinsa daban ne, kuma shi ne ya fi jan hankalina.

An gama gina shi a 1735 da kuɗin iyalan Foley, a ciki kuma akwai ƙaton kabarin marmara na Lord Foley na farko wanda Michael Rysbrack ya sassaƙa. Ko da yake yana manne da gidan kamar ɗakin ibadar iyali, a doka cocin ƙauye ne. Bai taɓa zama mallakar mai gidan ba, don haka Smith bai iya sa shi a gwanjo ba, dillalai kuma ba su da ikon hawa rufinsa. Wannan ya kare shi daga guduma, bai kare shi daga ruwa ba. Da gidan ya mutu, cocin ya rasa mai ɗumama shi da mai biyan gyaransa, ga shi nesa da ƙauyen da aka matsar tun zamanin Foley. Danshi da ruɓa suka kama shi. A 1965 mutanen ƙauyen suka tashi da kansu suka fara tara kuɗin gyara, aka ci gaba a hankali har zuwa babban aikin da aka yi a farkon shekarun 1990. Jikokin waɗanda aka kora daga gaban gidan su ne suka riƙe abu mafi daraja da ya rage a wurin.

To amma me ke cikin cocin? A nan ne lamarin ya juya. Zanen da ke rufin, manya uku da ƙanana kewaye da su, aikin Antonio Bellucci ne ɗan Italiya. Tagogi goma masu zanen launi aikin Joshua Price ne. Akwatin ogan, wato babban abin kiɗan coci mai bututu, shi ma tsoho ne. Ba ɗaya daga cikinsu da aka yi domin Witley. Duk daga Cannons suka zo, fadar da James Brydges, Duke na Chandos, ya gina kusa da Landan a farkon ƙarni na 18, inda mawaƙi Handel ya zauna yana yi masa kiɗa. Bayan rasuwar Duke ɗin bashi ya yi wa magajinsa katutu, a 1747 aka yi gwanjon Cannons, aka rushe shi aka sayar da shi bulo da katako. Lord Foley na biyu ya halarci rabon. Ya sayi zanen da tagogin, adon rufin da ba ya ciruwa kuma ya sa aka ɗauki siffarsa aka sake zuba shi da takardar da aka jiƙa aka kwaɓa da danko, abin da a lokacin sabuwar fasaha ce, mara nauyi, aka shafe shi da zinariya.

Ke nan abin da baƙi ke zuwa kallo a Witley a matsayin wanda ya kuɓuta daga hannun masu wawason gwanjo, shi kansa kayan gwanjo ne. Abin da dillalai suka yi wa Witley a shekarun 1950 shi Foley ya taya aka yi wa Cannons shekara ɗari biyu kafin nan. Wannan ya sa nake jinkiri kafin in zagi dillalin rusau. Ɓarnarsa a fili take, rufin da ya cire ba ya dawowa. Amma da ba a sayi tagogin Cannons ba, da tarkace suka zama a 1747. Bambancin da nake gani shi ne inda kayan suka sauka. Na Cannons sun sauka wuri guda, an haɗa su yadda suke a da, cikin ginin da ke da masu amfani da shi kowane mako. Na Witley sun tarwatse ɗaya-ɗaya, murhu nan, gunki can, mafi yawansu ba wanda ya rubuta inda suka nufa.

Riƙon kango

Shawarar da hukuma ta yanke ita ce a tsayar da lalacewa, kada a sake gini. Aka sare bishiyoyin da suka tsiro a ɗakuna, aka ɗaure bangon da ke neman faɗuwa, aka toshe kawunan bango don kada ruwa ya ratsa. A ganina daidai ne. Kayan cikin sun riga sun tafi, duk abin da za a gina kwaikwayo ne, kuma zai rufe tarihin da tsiraicin ya tona. Irin wannan muhawara ta sake tashi bayan gobarar gidan Clandon Park a Surrey a 2015, inda National Trust, ƙungiyar adana wuraren tarihi da ke riƙe da shi, ta sanar a 2022 cewa za ta bar mafi yawan cikin gidan yadda wuta ta bar shi, mutane da dama kuma suka yi fushi.

Sai dai kada a ɗauka kango abu ne da ake gyarawa sau ɗaya a huta. Bangon da aka gina don ya zauna ƙarƙashin rufi, yanzu ruwa da ƙanƙara suna dukansa ciki da waje. Dutsen Bath mai laushi ne, ƙarafan da aka ɗaure shi da su suna tsatsa su kumbura su fasa shi. Aikin ba ya ƙarewa. Akwai kuma wani abu da ke ɗan dame ni game da lambunan da aka farfaɗo da su: furanni a jere tsaf, ciyawa an aske, marmaro yana feshi a kan lokaci, a gaban gidan da ba shi da rufi. Yana da kyau a ido, amma yana sa mutum ya manta da shekarun da wurin ya yi a matsayin juji, waɗanda su ma tarihinsa ne, kuma su ne suka yanke abin da muke gani yau.

Cocin har yanzu ba ya ƙarƙashin English Heritage. Tikitin shiga kangon ba ya biyan gyaran rufin cocin. 'Yan sa-kai na ƙauyen ne ke buɗe shi, su ke karɓar baƙi, su ke neman kuɗi duk lokacin da wani wuri ya fara yoyo. Tagogin Price da suke gogewa suna ɗauke da shekarun da aka zana su, 1719 da 1721, tun kafin a aza tubalin cocin da suke ciki.